Harshen Baduku

Ni Mutari, baduku a Birni,
hannuna ya iya zance da fata.
In na kama basilla, zare na bi na
kamar ɗan akuya bayan uwarsa.
Baki ne ya ƙi ni.

Ina ɗan shekara tara a lekwal
Mushe Ilu ya ce in tashi in karanta.
Na ce ba, na ce ba, na ce ba,
kalmar ta toge kamar jaki a bakin gada.
Aji ya fashe. Aka sa mini Babur-ya-ƙi-tashi,
sunan ya bi ni har gemu ya fito.

Shekara talatin ƙanena nake aikawa
ya yi mini ciniki a Kasuwar Dole.
Ranar sunan ɗana a kunnen liman na raɗa,
shi ma sai da ya ce in sake.

Sai ruwan majema ya yanke.
Famfo na tari, babu ɗigo,
fatu na wari a kwatarniya.
Aka ba mu rana gaban magajin gari, bayan wata biyu.
Malam Brah da ke yi mana baki yana kwance,
wai ni ne babba bayansa.

Ɗiyata Habsu ta ja ni asibiti,
ɗakin ƙarshe, bayan wurin awon jarirai.
Na zaci allura ce, ko ƙwaya.
Madam Zuwera ta kunna kyandir da rana tsaka,
ta ce: Hura, amma kar ka kashe shi.
Ɗora hannu a ciki, ji iska na sauka.
Magana ba a maƙogwaro take kwana ba,
daga cibiya take tasowa.

Ta ba ni madubi, na dubi leɓen da nake jin kunya.
Ta ce in buga yatsa a gwiwa,
gaɓa ɗaya, bugu ɗaya,
yadda nake huda fata, rami bayan rami.
Na ce: Ai wannan ɗinki ne.
Ta ce: To, ɗinka.

Talata da Alhamis.
Na yi wa kujeru uku jawabi, ba su yi dariya ba.
Na yi wa mai shara, ya ce in ƙara murya.
Da asuba na hau duwatsun Birni
na karanta wa ƙadangaru matsalar ruwa,
suna ta gyaɗa kai, duk sun yarda.

Wata Alhamis na koma da daci a wuya:
jiya a teburin mai shayi harshen ya sake ɗaurewa.
Ba ta ce zai wuce ba.
Ta ce: Zai dawo, watakila har tsufa.
In ya zo kar ka yi kokawa da shi.
Tsaya. Shaƙa.
Mutane sun fi iya jira
fiye da yadda tsoro ke faɗa maka.

Ranar ta zo. Zauren taro cike, fanka na kuka,
gwiwata na rawa cikin wando.
Sallama ta fita lafiya.
Na faɗi sunana, na faɗi na majema.
Da na iso kan ruwa, sai ru, sai ru,
jakin nan ya sake togewa.

Wani ya yi gyaran murya daga baya.
Na ɗora hannu a ciki. Na tuna kyandir.
Na buga uku a gwiwa, ba wanda ya mutu.
Ruwa, na ce. Ruwa muka zo roƙo.
Sauran ya biyo, rami bayan rami.

Famfon bai dawo ba sai bayan damina,
wannan wani labari ne.
Na ɗinka wa Madam Zuwera jaka, ja da kore.
Ta tambayi kuɗinta.
Na gyara zama, na fara mata bayani
tun daga wanda ya yanka akuyar,
har ta ce: Mutari, akwai masu jira a waje.